Harsashin da Nake Ɗauka Idan Zan Kwana a Dajin Montana

A shekarata ta biyu da zama a jihar Montana ta ƙasar Amurka, ni da iyalina da wani abokin aikina mun yada zango na kwana uku a gefen wani rafi da ke cikin dajin gwamnati, arewa da gandun Yellowstone. Da asubar rana ta biyu na fito daga tanti da 'yar fitila a goshi, na gangara bakin ruwa domin in yi alwala, sai hasken ya sauka a kan sawun wata dabba a cikin laka, wanda na tabbata babu shi a wurin lokacin da muka wanke kwanoni bayan magariba. Faɗinsa ya fi tafin hannuna da yatsu a ware, kuma a gaban kowane yatsa, da tazara mai kyau, akwai ramin da farce ya huda. Abokina, wanda a jihar aka haife shi, ya durƙusa ya duba, ya ce wannan tazarar da ke tsakanin yatsa da farce ita ce alamar girizli, wato babbar beyar, domin faratan baƙar beyar gajeru ne kuma a lanƙwashe suke. Na ƙirga takun da ke tsakanin sawun da tantin da 'ya'yana ke barci a ciki, na samu 26. Akwai ƙaramar bindiga a ƙuguna a wannan safiya, cike da harsashin da na saya domin tsaron gida, kuma a nan bakin rafin ne na fara tambayar kaina ko wannan harsashi zai yi mini wani amfani da dabbar ta juyo wajenmu.

Ga wanda bai taɓa ganin beyar ba sai a hoto, dabba ce mai kauri da gashi mai yawa, wadda ke cin 'ya'yan itace da saiwoyi da ƙwari da kifi da nama, kuma hancinta ya fi na kare jin wari nesa ba kusa ba. Iri biyu ne a yankinmu. Baƙar beyar ita ce ta fi yawa a faɗin Amurka, kuma yawanci tana gudun mutum. Girizli kuwa ta fi ta girma da zafin rai, namijinta a yankin Yellowstone yakan kai kilo 300, danginta da ke gaɓar tekun Alaska, masu ƙoshi da kifi, sukan ninka haka. Kafin in shiga maganar harsashi, wajibi ne in faɗi abu ɗaya domin 'yan uwa da ke karanta wannan daga gida ko daga nan Amurka. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin makaman da aka hana farar hula riƙewa, saboda haka abin da nake bayani a kai ya shafi ƙasar da doka ta yarda da shi ne kawai. Ko a nan ɗin ma ba kowa ba ne: dokar tarayya ta yarda wa ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi mallakar bindiga da harsashi, sai a wasu keɓantattun yanayi kamar na mai riƙe da lasisin farauta. Ɗalibin da ya karɓi aron bindigar abokinsa domin tafiya daji yana iya jefa zamansa a ƙasar cikin hatsarin da ya fi na beyar kusa da shi.

Abin da ya sa zaɓen harsashi ya zama muhimmi shi ne yadda harin yake aukuwa. Girizli tana iya gudun kilomita 55 a sa'a, wato kusan mita 15 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma a cikin surƙuƙin daji mutum ba ya ganinta sai ta matso. Idan ta taso daga nisan mita 30, daƙiƙa biyu ke tsakaninku, kuma a cikin waɗannan daƙiƙu biyu ne za ka gane abin da ke faruwa, ka zaro bindiga, ka saita, ka harba. Ba a gicciye take zuwa ba yadda mafarauci ke samun dabba tana kiwo ya nemi bayan kafaɗarta. Kai tsaye take zuwa, kanta a ƙasa, yana hawa yana sauka, kuma abin da ke fuskantarka shi ne ƙoƙon kai mai gangare, da tozon tsoka, da ƙasusuwan kafaɗa, duk a lulluɓe da gashi da fata da kitse. Dabbar da aka harba a huhu za ta mutu, amma tana iya ɗaukar daƙiƙu masu yawa kafin ta faɗi, kuma waɗannan daƙiƙu sun ishe ta ta iso gare ka. Abin da ke tsayar da ita nan take shi ne harsashin da ya kai ga ƙwaƙwalwa ko lakar gadon baya, ko ya karya babban ƙashin da take takawa da shi. Ƙaramar bindiga kuwa, yawanci ƙarfinta bai kama ƙafar na doguwar bindigar farauta ba, don haka ɗan ƙarfin da take da shi bai kamata a ɓata shi a wani abu ba face kutsawa cikin jiki.

A nan ne harsashin da ke ƙuguna a wancan asuba ya gaza. Irin mai rami a kai ne, wanda aka ƙera domin ya buɗe kamar fure idan ya shiga jiki, ya faɗaɗa rauni, sannan ya tsaya da wuri. Akwai hikima a wannan ƙira, domin ɗan sandan da ya yi harbi a cikin gari ba ya son harsashinsa ya fita ta bayan wanda aka harba ya sami wani bawan Allah da ke wucewa. Bayan wata musayar wuta da jami'an hukumar FBI suka yi a Miami a 1986, hukumar ta fito da ma'aunin da masu ƙera harsashi ke bi har yau, cewa harsashin tsaro ya shiga tsakanin inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abu mai kama da tsoka da ake gwaji da shi, wato kimanin santimita 30 zuwa 46. Wannan zurfi ya dace da jikin ɗan Adam. A jikin girizli kuwa, harsashin da ya buɗe tun a kan jiƙaƙƙen gashi da kitse yana iya ƙare tafiyarsa a cikin tsokar kafaɗa, bai kai ga komai ba, ya bar ka da dabba mai rauni da ƙarin fushi. Shi ma harsashin atisaye mai araha, mai rigar jan ƙarfe da kai zagayayye, ba shi ne mafita ba. Yana shiga da zurfi, gaskiya ne, amma zagayayyen kansa yakan zame idan ya daki ƙashi a karkace, yakan kuma juya a cikin jiki ya bar hanyar da aka saita shi, sannan raunin da yake yi ɗan siriri ne saboda yana raba nama ne maimakon ya yanka shi.

Bayan mun dawo daga wannan tafiya na shiga wani shagon kayan farauta, na yi wa dattijon da ke tsaron kantar bayanin abin da na gani a bakin rafi. Bai yi doguwar magana ba. Ya buɗe kwali biyu, ya ɗora mini harsashi ɗaya daga kowanne a tafin hannu, ya ce in danna farcena a kan na biyun. Launinsa toka-toka ne marar ƙyalli, ba shi da riga, kuma kansa a shafe yake kamar an yanke shi da wuƙa, da kaifi a gefen shafin. Na danna farce da ƙarfi, ko alama bai yi ba. Ya ce mini darma ce, amma ba zallarta ba: an narka ta da kuza da wani ƙarfe da ake kira antimoni, sannan aka zuba ta a mazubi, har taurinta ya ninka na darmar da aka saba da ita sau uku ko huɗu. Shi ne wanda ake rubuta wa hard cast a jikin kwali. Ba ya buɗewa, ba ya tarwatsewa a kan ƙashi, shafaffen kan nan kuma yana cizon ƙashi maimakon ya zame, yana yanka nama kamar yadda ƙarfen huda fata na dukawa ke yi, yana kuma riƙe harsashin a kan hanya madaidaiciya. Na tuna mafarautan ƙauyenmu da ke narka darma su ɗura a bindigar toka, waɗanda tun muna yara muka ji suna bambanta ɗurin zabo da ɗurin gwanki, na ga cewa ilimin ɗaya ne ko da kayan aikin sun sha bamban.

Akwai iri na biyu da ke yin wannan aiki, wanda aka yi shi da zallar jan ƙarfe babu darma ko kaɗan, wani da shafaffen kai, wani kuma da tsagi a kai kamar bakin sukundireba. Ya fi na darma rashin nauyi, yana fita da gudu, kuma yana da amfani ga masu wasu nau'o'in fistol. Dalili shi ne, a cikin bututun kowace bindiga akwai zanen da ke murɗa harsashi domin ya tafi a miƙe, kuma wasu kamfanoni, irin su Glock, suna yin nasu zanen da wata siga ta dabam, suna kuma ba da shawarar kada a harba darma marar riga a cikinsa saboda tana iya taruwa a bututun. Masu irin wannan bindiga sukan sayi wani bututu dabam, ko su nemi harsashin darma mai tauri da aka shafe da fenti na musamman, ko su koma ga na jan ƙarfe. Kamfanoni irin su Buffalo Bore da Underwood da HSM sun yi suna a wannan fanni, manyan kamfanoni kamar Federal su ma sun shigo.

Sai maganar girman harsashi, wadda a kanta ne gardama ta fi zafi a kowane zaman mafarauta. Na daɗe da lura cewa mutane sun fi son wannan gardama saboda lamba ce, lamba kuwa tana da daɗin ja-in-ja, alhali siffar harsashin da iya harbin mai shi sun fi lambar tasiri. Sunan da aka fi ji shi ne .44 Magnum, wanda kamfanonin Remington da Smith & Wesson suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1950 bayan matsin lambar wani marubuci kuma mafarauci mai suna Elmer Keith. Ana auna nauyin harsashi da giren, kuma giren 300, wanda masu shiga dajin girizli suka fi ɗauka a wannan bindiga, ya kai kusan giram 19 da rabi. Babu mai musun cewa wannan harsashi yana shiga. A samansa akwai .454 Casull, akwai kuma .500 Magnum da ya fito a 2003, waɗanda ƙarfinsu ya fara kusantar na wasu dogayen bindigogi. Amma kowane ƙarin ƙarfi da ya fita ta gaba, akwai rabonsa da ke dawowa hannun mai harbi.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Wani maƙwabcina ya ba ni aron libarbarsa ta .44 a filin atisaye, irin marar nauyin nan da aka ƙera domin masu doguwar tafiya a ƙasa, wadda ba ta kai kilo ɗaya ba. Harbin farko ya daki tsakanin babban yatsana da manuni kamar an buga mini sanda, bakin bindigar ya tashi sama har sai da na sake neman saiti daga farko. A harbi na uku na lura cewa ina runtse ido ina kuma danna bindigar ƙasa tun kafin ta tashi, kuma ramukan da ke jikin takardar sun shaida hakan, domin biyu sun sauka can ƙasa, ɗaya ma bai taɓa ta ba. Da na zo harbi na biyar sai kunama ta ƙi jawuwa. Maƙwabcin nawa ya karɓa ya duba, ya nuna mini cewa girgizar harbe-harben baya ta sa kan ɗaya daga cikin harsasan da suka rage ya zamo daga kwansonsa, ya leƙo gaba, ya tokare abin da ke juya harsasai. Wannan matsala sananniya ce idan aka haɗa libarba marar nauyi da harsashi mai nauyi wanda ba a matse bakin kwansonsa da kyau ba, kuma hanyar gano ta ita ce a cika bindigar, a harba duka ban da ɗaya, a ciro wanda ya rage a gwada tsawonsa da na sabo. Na tsaya ina kallon bindigar da ta fi kowace ƙarfi a filin a ranar, ga ta a hannuna ba ta iya tashi, na ce a raina ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wannan ne ya kai ni ga 10mm Auto, harsashin da ya fito a 1983 kuma ya sami karɓuwa sosai a wajen masu shiga daji a 'yan shekarun nan. Nauyin da ake ɗauka domin beyar yana tsakanin giren 200 zuwa 220, wato giram 13 zuwa 14 da 'yan kai, kuma na 200 yana fita da gudun da ya kai kimanin mita 365 a daƙiƙa. Bai kai .44 ƙarfi ba, ya fi kusa da .357 Magnum mai giren 180, wanda shi ma zaɓi ne mai kyau ga wanda ya fi sabawa da libarba. Abin da ya ja ni shi ne fistol ɗin da ke cin sa tana shanye wani kaso na dukan da ke dawowa, har ina iya mayar da saiti da sauri, kuma gidan harsashinta yana ɗaukar 15 a maimakon 6. Ba na ruɗin kaina cewa zan sami lokacin harba 15, domin lissafin daƙiƙu biyun nan bai bar wurin haka ba, amma samun harbi uku a kan saiti ya fi mini harbi ɗaya mai tsananin ƙarfi da ya bi iska. Sojojin Denmak na rundunar Sirius, waɗanda ke sintiri da keken karnuka a arewa maso gabashin Girinlan inda farar beyar ke yawo, suna ɗaukar fistol ɗin Glock 20 mai cin 10mm tare da dogayen bindigoginsu, kuma mutanen da ke kwana a kan ƙanƙara watanni a jere ba su zaɓi kayan aiki domin ado ba.

Akwai labarin da masu goyon bayan ƙaramin harsashi ke yawan kawowa. A 2016 wani gogaggen jagoran mafarauta a Alaska mai suna Phil Shoemaker yana raka wasu masunta biyu, sai wata babbar beyar ta taso musu daga cikin ciyayi, ya kashe ta da fistol mai cin 9mm, da harsashin darma mai tauri mai giren 147 na kamfanin Buffalo Bore. Labarin gaskiya ne, amma ina ganin ana karanta shi a baibai. Mutumin ya shafe shekaru fiye da 30 yana aiki a cikin waɗannan dabbobi, ya san inda zai sa harsashi, kuma hannunsa bai yi rawa ba a lokacin da na yawancinmu zai yi. Darasin da ni na ɗauka shi ne siffar harsashin ce ta ba ƙaramar bindiga damar kaiwa inda ya saita. Saboda haka wanda 9mm kaɗai yake da ita, kuma ya ƙware a kanta, ya fi masa ya sauya harsashin da ke ciki zuwa mai tauri da shafaffen kai, a kan ya sayi sabuwar bindigar da yake tsoro ana saura mako guda tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sayen kwalin da ya dace rabin aiki ne. Fistol tana tura kowane sabon harsashi ne ta kan wani ɗan gangare kafin ya shiga mazauninsa, kuma zagayayyen kai ya fi shafaffe sauƙin hawan wannan gangare. Kwalin farko da na saya na giren 220 ne, mai faɗin kai sosai, kuma a cikin harbi 40 bindigata ta cije sau uku, harsashin ya tsaya a karkace a bakin mazauni. Ban ga laifin kamfanin ba, domin irin wannan harsashin yana tafiya lafiya lau a bindigar abokina; bindigata ce ba ta jitu da shi ba. Na koma na giren 200 mai ɗan siririn kai, na harba fiye da 100 a cikin makonni uku, da kowane gidan harsashi da nake da shi, da hannu biyu da kuma hannu ɗaya, da safar hannu irin ta sanyi, ban sami cijewa ko sau ɗaya ba. Gwajin ya ci kuɗi, domin irin wannan harsashi ya ninka na atisaye tsada, kuma na ga mutane da yawa suna sayen kwali ɗaya su cika bindiga su rataya ba tare da sun taɓa harba ko guda ba saboda tsadar. Wannan tsimi ne a inda bai kamata ba. A wajen gwajin ne kuma na gano cewa sabon harsashin yana sauka sama kaɗan da inda na atisaye ke sauka, abin da ba zan taɓa sani ba da na tsaya ga abin da aka rubuta a kwali. Yanzu idan na je filin, nakan kafa faifan takarda mai faɗin faranti a nisan mita 7, in sa bindigar a kube a ƙirjina kamar yadda nake ɗaukarta idan na goya jaka, abokina ya ba da alama, in zaro in harba uku. Ranar da na fara, abin da agogo ya nuna ya sanyaya mini jiki, kuma ya sa na daina ɗaukar bindiga a matsayin katangar farko.

Matata ce ta fara kawo wannan magana tun kafin agogo ya tabbatar. Wata rana ina jera kwalaye a kan tebur ta ce, “Maigida, duk wannan shiri naka ne kai kaɗai. Idan ka tafi ɗebo ruwa, ni da yara da me za mu kare kanmu?” Amsar ita ce feshin barkono na musamman da ake yi domin beyar, gwangwani mai fesa hayaƙin yaji har nisan kimanin mita 9, wanda ba ya buƙatar saiti irin na bindiga domin gajimare yake yi a gaban dabbar. Masana biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, tare da abokan aikinsu, sun bi diddigin abin da ya faru a Alaska. A binciken da suka fitar a 2008 sun samu cewa feshin ya dakatar da beyar irin girizli a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka yi amfani da shi, kuma kashi 98 na masu ɗauke da shi sun tsira ba rauni. A na 2012 sun duba karo 269 da suka shafi bindiga tsakanin 1883 da 2009, suka samu cewa ƙananan bindigogi sun yi nasara a kashi 84, dogaye a kashi 76, kuma masu bindiga sun ji rauni daidai wa daida ko sun harba ko ba su harba ba. Ba na ɗora lambobin nan a kan juna kai tsaye, domin ba irin karo ɗaya suka auna ba, kuma misalan ƙaramar bindiga a cikinsu ba su da yawa. Amma sun ishe ni in yanke cewa kowane babba a zangonmu zai rataya gwangwanin feshi, ni ma har da ni, kuma shi hannuna zai fara nema. Bindiga tana nan domin inda feshi ke da rauni: iska mai ƙarfi da ke kaɗowa ta fuska, ko dabbar da ta sha yaji ta sake dawowa, ko wadda ta yago tanti da dare, domin irin wannan ba tsoro ya kawo ta ba, abinci take nema, kuma shawarar hukumar gandun daji a wannan hali ita ce mutum ya yi faɗa da duk abin da yake da shi.

Sauran dabbobin ba su buƙatar doguwar magana. Baƙar beyar da zakin dutse, wata dabba mai kama da damisa, ba su da kaurin girizli, kuma harsashin da ya isa girizli ya ishe su. Mus, wata ƙatuwar dabba mai kofato da ta fi doki tsayi, tana raunata mutane da yawa musamman idan tana tare da ɗanta, ita ma harsashi mai kutsawa take buƙata, ko da yake laɓewa a bayan itace ya fi saurin raba ka da ita. Ana sayar da harsashi mai ƙananan ƙwayoyi domin maciji, amma macijin da ka gani har ka sami lokacin saita shi, ka sami lokacin ja da baya. Abin da ba na goyon baya shi ne jera harsashi iri-iri a gida ɗaya, na maciji a sama, mai rami a tsakiya, mai tauri a ƙasa, domin babu wanda ya san wace dabba za ta fara zuwa. Sannan kutsawar nan da nake yabo tana da nata hatsarin. Harsashin da ke ratsa kafaɗar beyar zai ratsa tanti da jikin mota da duk wanda ke ciki, don haka a filayen zango na jama'a, inda tantuna ke jere kusa da juna, harbi cikin duhu yana iya zama musiba mafi girma daga wadda ake gudu. Ina kafa tantinmu ne ina sane da inda kowa yake kwance, da kuma ɓangaren da ba zan taɓa juya bakin bindiga ba ko me ya faru.

Doka ma tana biye da harbin. Tun watan Fabrairun 2010 an yarda a shiga gandun dajin ƙasa da bindiga bisa dokar jihar da gandun yake, amma ba a shiga da ita gine-ginen gwamnatin tarayya irin ofisoshin karɓar baƙi, kuma harba ta a cikin gandun laifi ne, sai fa idan bincike ya tabbatar da cewa kare rai ne ya tilasta. Girizli tana cikin dabbobin da dokar tarayya ke karewa a jihohin da ke kudu da Kanada tun 1975, wanda ya kashe ta domin kare kansa dole ya kai rahoto, kuma za a auna sawu da tazara da inda harsashi ya shiga. A Alaska wanda ya kashe beyar domin kare rai ko dukiya shi zai feɗe ta ya miƙa fata da farata da ƙoƙon kai ga hukuma. Idan kuma aka samu cewa sakacinsa da abinci ne ya jawo dabbar, uzurinsa ya raunana. Wannan ya shafe mu sosai, mu masu tafiya da dambun nama da soyayyar miya mai ƙamshi, shi ya sa muke girki da cin abinci a nisan kusan mita 90 daga inda muke kwana, mu rataye abinci da sabulu da man goge baki a reshe mai tsayin mita 3 daga ƙasa, ko mu kulle su a akwatin ƙarfen da aka tanada.

Harsashin da ya yi kaka guda yana shan raɓa da zufa a ƙirjina ba na sake shiga daji da shi. A ƙarshen kaka nakan kai shi filin atisaye in harbe, in cika da sabo daga kwalin da na riga na gwada. Wanda ke saman layi, wanda ake turawa mazauni a kuma ciro shi kowace tafiya, nakan gwada tsawonsa da na sabo, domin yawan turawa yana iya danna kansa cikin kwanso ya ƙara matsin da bindigar ba ta so. Da dare, bayan sallar isha'i, gwangwanin feshi ɗaya yana kwana a cikin takalmina a bakin tanti, ɗaya a gefen matata, bindigar kuma tana cikin kubenta a cikin ƙaramin akwati mai buɗewa da lambobi a ƙarƙashin kaina, inda hannun yara ba ya kaiwa, da fitila a kansa. Idan asuba ta yi, kafin in gangara rafi, nakan tsaya a bakin tanti in yi gyaran murya da ƙarfi, in haska bakin ruwan daga wannan gefe zuwa wancan, sannan in ɗauki buta.